Mun Ci Zomo, Wa Ya Yi Gudun? Tsokaci Kan Wahalar Gina Manhaja

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai baiwar hankali da basira. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, Hausawa na cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu. Amma akwai wani zomo da muke ci safe da yamma a wannan zamani ba tare da mun ɗaga ƙafa ba, wato manhajojin da ke cikin wayoyinmu. Da wuya ka sami matashi Musulmi mai wayar zamani wadda babu Alƙur'ani a cikinta, ko manhajar kiran salla, ko mai nuna alƙibla, ko ta littattafan hadisi. Minti biyu ya ishe shi ya saukar da ita, galibi ko sisi bai biya ba in ban da kuɗin data. In tana aiki lafiya, ba ya tuna cewa wani ne ya gina ta. Ranar da ta maƙale ko ta yi kuskure kuwa, sai ka ji ana cewa masu ita ba su san aikinsu ba, a goge ta a nemi wata.

Sana'ata karantarwa ce a makarantar Islamiyya, kuma 'yan shekarun nan sun haɗa ni da matasa masu karatun kwamfuta. Na zauna da su, na ga yadda suke kwana a kan aiki, na kuma karanta abin da ya sawwaƙa a kan fannin. Abu guda nake son mu fahimta a yau: mafi nauyin aikin gina manhaja shi ne ɓangaren da ido ba ya gani, wato fahimtar mas'ala kafin a fara, da tantancewa bayan an gama. Idan kuwa manhajar ta shafi addini, to wannan ɓangare amana ce a wuyan mai ginawa, kuma mu masu amfani da ita muna da namu kason.

Kwamfuta Ba Ta San "Ai Ka Gane" Ba

Idan ka aiki yaro ya sayo sukari, ya tarar da shago a rufe, zai zarce shago na gaba. In babu na kwali, zai sayo na awo, ko ya dawo ya tambaye ka. Ba sai ka faɗa masa duk wannan ba, domin yana da hankalin da zai cike gurbin abin da ka bari. Kwamfuta ba ta da wannan. Abin da aka rubuta mata shi take aikatawa, ba ƙari ba ragi. Manhaja dai jerin umarni ce da aka rubuta da ɗaya daga cikin yarukan kwamfuta, kuma wajibi ne mai rubutun ya hango kowane hali da za a iya shiga, ya tanadar masa amsa tun kafin ya auku. Me za a yi in babu intanet? In wayar ta cika fa? In mutum ya rubuta suna a gurbin lamba, ko ya latsa wuri guda sau biyu? Kowace tambaya da aka manta ba a yi ba, kuskure ce da ke kwance tana jiran ranarta.

Shi ya sa masana fannin suka daɗe da lura cewa rubuta umarnin shi ne ƙaramin kaso a cikin aikin. Wani Ba'amurke mai suna Fred Brooks, wanda ya jagoranci gina wata babbar manhaja a kamfanin IBM, ya wallafa littafi a 1975 kan darussan da ya koya. A yadda yake raba lokacin aiki, kashi ɗaya bisa uku na tsarawa ne, kashi ɗaya bisa shida na rubuta umarni, rabi cur kuwa na gwaji ne da gyara. Ya kuma lura cewa in aiki ya makara aka ƙaro ma'aikata don a yi sauri, sai makarar ta ƙaru, saboda tsofaffin za su bar aikinsu su koma koyar da sababbin. Duk wanda ya taɓa haɗa gardawa da dama su rubuta Alƙur'ani guda, kowa da izufinsa, zai gane abin da ake nufi: daidaita hannuwan ma aiki ne mai zaman kansa.

Mus'hafin Cikin Waya

Bari mu fara da mafi girman misali. Ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa lokacin da Sayyidina Abubakar (Allah Ya yarda da shi) ya ɗora wa Zaidu ɗan Sabit aikin tattara Alƙur'ani, Zaidu ya bayyana cewa da kawar da dutse aka sa shi, da ya fi masa sauƙi. Zaidu mahaddaci ne, marubucin wahayi kuma, saboda haka ba rubutun ne ya yi masa nauyi ba. Tsoron kuskure ne, da wajabcin bin kowace aya a tabbatar da ita. Wannan nauyi ya bi duk wanda ya ɗauki aikin a bayansa, tun daga masu rubutu da alƙalamin kara, zuwa kwamitin malaman da suka fitar da bugun Alƙahira a 1924, zuwa Cibiyar Sarki Fahad ta buga Alƙur'ani da aka buɗe a Madina a 1984. Yanzu kuma ya iso kan masu gina manhaja.

Alƙur'ani na da kalmomi sama da 77,000 da haruffa sama da 320,000, ban da wasulla da shadda da madda da alamomin tsayawa. A farkon yaɗuwar intanet, mutane sun riƙa buga nassin da hannu suna ɗorawa, wasu na kwafa daga wasu, kurakurai na yawo daga wannan shafi zuwa wancan. Don magance haka ne wani masanin kwamfuta ɗan ƙasar Iran, Hamid Zarrabi-Zadeh, ya fara aikin da aka sani da Tanzil a farkon 2007. An bi matakai ne hawa-hawa. An fara da tattaro nassoshi daga majiyoyi amintattu aka sa kwamfuta ta gwama su, ta fito da wuraren da suka saɓa. Daga nan aka rubuta wata manhajar ta daban mai bin nassin tana auna shi da ƙa'idojin Larabci da na karatu. A ƙarshe aka bi shi da idon ɗan Adam ana gwamawa da Mus'hafin Madina. Shafuka da manhajoji masu yawa a yau wannan nassi suke ɗauka, alhali mafi yawan masu karantawa ko sunan aikin ba su taɓa ji ba.

Samun ingantaccen nassi somin-taɓi ne. Kwamfuta an fara ƙera ta ne don rubutun boko mai tafiya daga hagu zuwa dama, wanda haruffansa ba sa sauya kama. Harafin Larabci kuwa yana iya ɗaukar siffa har huɗu gwargwadon matsayinsa a kalma, ga wasulla sama da ƙasa, wani lokaci shadda da wasali da wata alamar duk a kan harafi guda. In ba a tsara su da kyau ba sai su hau juna, ko wasali ya goce ya faɗa kan harafin kusa. Sannan mahaddaci yana son ya ga shafinsa yadda ya saba: shafuka 604, layuka 15, kowane shafi ya ƙare da ƙarshen aya, da rubutun Usman Ɗaha ɗan ƙasar Siriya. Don cimma wannan, an ƙera wa kowane shafi nasa samfurin rubutu daban, aka mai da kowace kalma zane mai zaman kansa. Mai karatu ya dubi yawan aikin da aka yi don kawai shafin ya yi kama da wanda idonsa ya sani.

Ga kuma gurbin bincike, wanda muke rubuta kalma ya fito mana da ayoyi kafin ƙiftawar ido. A rubutun Mus'hafi, kalmar salla da wawun ake rubuta ta, amma mai nema da alifi zai rubuta yadda ya koya a makaranta. Wani zai sa hamza, wani ba zai sa ba. Saboda haka sai an ajiye nassi iri biyu, ɗaya na nunawa ɗaya na bincike, an ɗaure su aya da aya. Haka nan karatun da ke bin aya yana haskaka ta yayin da makaranci ke karantawa: sai da aka tantance inda kowace aya ta fara da inda ta ƙare a cikin sautin, kuma kowane makaranci da nasa aikin.

Mu a ƙasar Hausa muna da ƙarin mas'ala. Alarammominmu na tsangaya ruwayar Warshu suke karantawa, da rubutun da ake sa wa harafin fa ɗigo guda a ƙasa, harafin ƙaf kuma ɗigo guda a sama. Tsarin Unicode, wanda ya bai wa kowane harafi na duniya lambarsa a kwamfuta, ya fito tun 1991, amma sai a 2016 aka shigar da wasu haruffa na musamman na wannan salon rubutu. Ƙidayar ayoyi ma ta bambanta: Mus'hafin Hafsu 6,236 ne bisa ƙidayar mutanen Kufa, na Warshu da ake bugawa kuwa galibi 6,214 ne bisa ƙidayar mutanen Madina. Babu abin da aka ƙara ko aka rage a nassin, wurin sanya alamar ƙarshen aya ne ya bambanta, shi ya sa suratul Baƙara take 286 a can, 285 a nan. To amma fassara da tafsiri da sauti duk da lambar aya ake ɗaure su a manhaja. Mai ginawa in bai san wannan ba, sai ya ɗora fassarar wata aya a ƙarƙashin maƙwabciyarta, ya kuma yi barci cikin natsuwa.

Lissafin Lokutan Salla

Manhajar kiran salla ba ta da ido, ba ta ganin alfijir ballantana faɗuwar rana. Lissafi take yi. Tana buƙatar sanin matsayin garinka a taswira, da kwanan wata, da matsayin rana a wannan yini. Rana na cin digiri guda a kowane minti huɗu, kuma tsakanin Maiduguri da Sakkwato akwai kusan digiri takwas, saboda haka azahar na shiga a Maiduguri kimanin rabin awa kafin Sakkwato, duk da cewa agogonsu ɗaya ne. Ko a gari guda, lokacin zawali na matsawa gaba da baya da kusan rabin awa a tsawon shekara. Duk wannan ilmin falaki ne, kuma in an iya shi amsarsa ɗaya ce.

Inda gizo ke saƙa shi ne asuba da isha'i. Shari'a ta rataya su ga ketowar alfijir da ɓoyewar shafaƙi, abubuwan da ake gani da ido. Mai lissafi kuwa sai ya mai da su lamba: digiri nawa rana take ƙasa da ufuƙi, wato inda ido ke ganin sama ta haɗu da ƙasa, a lokacin da alfijir ke ketowa? A nan aka sami saɓani. Tsarin da ake jingina wa ƙungiyar Rabiɗa na amfani da digiri 18 a asuba, 17 a isha'i. Na hukumar safiyo ta Masar 19.5 ne da 17.5. Wanda ake jingina wa ƙungiyar Musulmin Amurka ta Arewa 15 ne a duka biyun. Na Ummul Ƙura da ke Saudiyya 18.5 ne a asuba, isha'i kuwa minti 90 bayan magariba, ya koma 120 a watan Ramadan. A yanki irin namu, tsakanin mafi sauri da mafi jinkiri a waɗannan tsare-tsare akwai kusan minti 20 a lokacin asuba. Mai azumin da ke sahur ya san abin da minti 20 ke nufi.

La'asar ma haka. A wurin Malikiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya tana shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa, bayan an cire inuwar zawali. A mashahurin zancen Imam Abu Hanifa kuwa sai ta kai ninki biyu. Ga kuma 'yan'uwanmu mazauna ƙasashen arewacin duniya. A Landan, daga ƙarshen watan Mayu zuwa cikin Yuli, rana ba ta kaiwa digiri 18 ƙasa da ufuƙi ko da tsakar dare, saboda haka lissafin ba ya fitar da amsa sam. Wajibi ne mai ginawa ya koma ga fatawar malamai, ya tanadi hanyoyi irin su raba dare biyu ko raba shi kashi bakwai. Kwanan watan Hijira kuma, manhajoji da dama kalandar Ummul Ƙura ta lissafi suke bi, mu kuwa a Nijeriya sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi muke jira bayan an ga wata. Shi ya sa manhaja mai kyau ke ba da damar ƙara kwana ko rage shi.

Saboda haka kowace lamba da ka gani a fuskar wayarka, akwai zaɓi na fiƙihu da wani ya yi a madadinka. Haɗarin shi ne matashi ya kwafo lissafin da aka tsara wa wata ƙasa, ya ɗora a tasa manhajar ba tare da ya bincika ba. Manyan masana ma wannan rami ya taɓa rufta da su. A ranar 4 ga Yuni, 1996, rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 bayan tashinta na farko. Bincike ya nuna cewa an ɗauko wani sashe na manhajar tsohuwar roka Ariane 4, inda ya daɗe yana aiki lafiya. Sabuwar ta fi tsohuwar gudu, sai wata lamba ta yi girman da ta fi ƙarfin gurbin da aka tanadar mata, na'urar saita hanya ta tsaya. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Abin da Na Gani a Aikin Rabon Gado

Wani tsohon ɗalibina da ke karatun kwamfuta a jami'a ya zo mini da shawarar gina manhajar rabon gado da Hausa. Ya ce, "Malam, ai lissafi ne kawai, rabi da rubu'i da sumuni. In sha Allahu wata guda ya isa." Na ce masa, "Madalla, Allah Ya yi albarka. Ka riƙa zuwa ranar Alhamis da babu karatu, mu bi babin gado na Risala tare."

A mako na uku ya kawo abin da ya gina, yana ta murna. Na ce ya shigar da mamacin da ya bar mata, da 'ya'ya mata biyu, da uwa, da uba. Manhaja ta ba kowa rabonsa, amma da muka tara sai ya zarce dukiyar da aka bari. Asalin mas'alar 24 ne: mata na da 3, 'ya'ya mata 16, uwa 4, uba 4, jimla 27. Wannan shi ne auli, inda ake mai da asalin 27 don ragin ya shafi kowa daidai rabonsa. Ya koma ya gyara. Mako na gaba na ba shi miji da uwa da uba, inda uwa ke ɗaukar sulusin abin da ya rage bayan rabon miji, saɓanin sulusin dukiya duka da manhajarsa ta ba ta. Daga nan muka shiga babin shamaki, wa ke hana wa gado, wa ke rage wa wani rabo, sai ga mas'alolin kaka da 'yan'uwa. Sau da yawa in ya gyara wata mas'ala sai gyaran ya ɓata wata da ta riga ta zauna. A nan ne ya nuna mini wata dabara ta masu fanninsa: ya rubuta mas'aloli masu yawa tare da amsoshinsu daga littafi, duk sanda ya taɓa wani abu sai ya sa kwamfuta ta sake bin su gaba ɗaya, ta faɗa masa wadda ta karye. Na ce masa wannan shi ne tilawar mahaddaci, in an ƙara sabo sai a koma a tabbatar tsoho bai zube ba.

Akwai kuma tambayoyin da lissafi ba ya amsawa. In dukiya ta yi saura babu asaba, a mayar wa masu rabo ko a kai baitulmali? Asalin mazhabar Malikiyya baitulmali ne, amma malaman baya sun yi fatawa da mayarwa inda babu tsayayyen baitulmali. Wanne manhaja za ta bi, kuma yaya za ta sanar da mai amfani? Yaya za a tilasta masa ya fara cire kuɗin likkafani da bashi da wasiyya? In matar mamaci na da juna biyu fa? Kalmomin Hausa su ma sai da muka yi ta kai-kawo a kansu, domin "ɗan'uwa" a bakin Bahaushe ya haɗa shaƙiƙi da ɗan uba da ɗan baffa har da maƙwabci, alhali a gado kowannensu da hukuncinsa. Rubuta tambaya guda ta yadda dattijo ba zai fahimce ta a baibai ba ya ci mana zama biyu.

An haura shekara, kuma har yanzu bai sake ta ba. Ya ce sai ya kai ta gaban malaman da suka ƙware a fannin da alƙalan da ke raba gado sun gwada ta, domin ba zai so a cinye haƙƙin maraya da lissafinsa ba. Wannan jinkiri ya fi faranta mini rai fiye da da a ce ya cika alƙawarin wata guda.

Bayan An Saki Manhaja

Magini in ya miƙa makullin gida ya huta. Mai manhaja kuwa ranar da ya sake ta ne ya ɗauki wani sabon kaya. Abin da ya yi kyau a wayarsa zai iya karkacewa a ƙaramar Tecno ko itel mai ƙarancin ma'adana. Kowace shekara Android da iPhone na fitar da sabuwar babbar manhaja, shagunan manhajoji na sauya sharuɗɗa, wanda bai bi ba a daina nuna tasa. Google na karɓar dala 25 sau ɗaya kafin a ba mutum damar ɗora manhaja, Apple kuwa dala 99 duk shekara. Ga kuɗin uwar garken da ke ɗauke da sautukan karatu, wanda ke ƙaruwa gwargwadon ƙaruwar masu saukarwa. A garuruwanmu kuma sai a haɗa da rashin wuta da kuɗin mai da tsadar data.

To wa ke biya? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wasu na biya daga aljihunsu don neman lada, har su gaji. Wasu na sa talla, shi ya sa wani lokaci kana cikin karatu hoton da bai dace ba ya faɗo. Wasu kuma bayanan masu amfani ne hajarsu. A watan Nuwamba na 2020, wani rahoton jarida a Amurka ya bayyana cewa bayanan wuraren da masu amfani da manhajar Muslim Pro suke suna isa ga wani kamfanin dillancin bayanai mai suna X-Mode, wanda cikin abokan cinikinsa akwai 'yan kwangilar sojan Amurka. Masu manhajar sun musanta cewa sun sayar wa soja da bayanai, suka kuma sanar da yanke hulɗa da kamfanin. Darasin da ke ciki a gare mu shi ne, al'ummar da ba ta ɗaukar nauyin kayan aikinta, wani zai ɗauka da nasa sharaɗin.

Wani zai ce ai yanzu ƙirƙirarriyar basira ta zo, tun daga ƙarshen 2022 da ChatGPT ya bayyana ana sa ta rubuta umarnin kwamfuta cikin daƙiƙoƙi. Gaskiya ne ta rage wahala ƙwarai, kuma ɗalibin nan nawa yana amfana da ita. Sai dai mai karatu ya tuna rabon da Brooks ya yi. Abin da ta fi sauƙaƙawa shi ne rubutun. Sanin cewa akwai auli, da zaɓen digirin asuba, da tabbatar da cewa ba a sauya harafi a aya ba, suna nan a wuyan ɗan Adam, musamman da yake tana iya kawo kuskure cikin lafazi mai santsi, har ta jingina hadisi ga littafin da babu shi a ciki.

Abin da Ya Rataya a Wuyanmu

Ga mai amfani, na farko shi ne ya buɗe saitin manhajarsa ya ga wane tsarin lissafi take bi, ya gwama da jadawalin masallacin da ya amince da shi, kada ya ƙaryata ladan don waya ta ce wani abu. Ya duba daga ina aka ɗauko nassin Alƙur'anin da yake karantawa. In ya ga kuskure, ya rubuta wa masu ita cikin ladabi, ya ambaci sura da aya da irin wayarsa, domin wannan ya fi amfani fiye da yaɗa hoton a zaurukan WhatsApp da zagi. In yana da hali ya tallafa musu, in ba shi da shi ya sa su a addu'a. Manzon Allah (Sallallahu alaihi wa sallam) ya haɗa godiya ga mutane da godiya ga Allah, kuma rashin ganin fuskar mai alheri ba ya sauke wannan haƙƙi.

Ga matashi mai sha'awar ginawa, ƙofa a buɗe take kuma muna buƙatarka. Manhajojin Warshu da rubutun da alarammominmu suka sani ba su kai na Hafsu yawa ko kyau ba, kuma littattafan malamanmu na ajami da na boko da dama ba su shiga waya ba. Amma ka shiga da shirin doguwar tafiya. Ka fara da ƙaramin abu, ko rajistar haddar ɗaliban makarantarku ce, ka kyautata shi har ya zauna. Ka durƙusa gaban malami kafin ka taɓa abin da ya shafi hukunci, ka kuma rubuta a fili mazhabar da ka bi da majiyar da ka ɗauko.

Ga 'yan'uwana malamai kuma, kada mu bar yaran nan su kaɗai sannan mu zo muna kushe abin da suka yi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Su sun iya yaren na'ura, mu Allah Ya ba mu ɗan abin da Ya ba mu na fiƙihu da Larabci, kuma awa guda a mako ba za ta gagare mu ba. Masu hali da ke gina masallatai da rijiyoyi su ma su sani cewa ɗaukar nauyin matashi biyu su yi shekara suna tantance manhajar da dubban mutane za su karanta Alƙur'ani da ita, yana cikin ilmi mai amfani da ake fatan ladansa ya ci gaba da gudana bayan rai ya yi halinsa.

Allah Ya saka wa duk wanda ya yi wa Littafinsa da addininsa hidima ta wannan hanya, wanda muka sani da wanda ba mu sani ba. Ya ba matasanmu haƙuri da ikhlasi da kyautata aiki, Ya tsare mu daga gaggawa da cin amana. Allah Ya sa mu dace, amin.